Tarihin Fitar Da 'Yan Gaba: Daga Kwalejin Kaduna Zuwa Cikin Kwamfuta

A shekarar 1938 ne aka ɗauko Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, aka kawo ta Kaduna, aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Kaduna. Shekara 11 ta yi a garin kafin a mayar da ita Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. A wancan lokaci babu makarantar boko ta gwamnati da ta kai ta a duk faɗin Arewa. Makarantun midil na larduna, daga Sakkwato zuwa Borno, daga Katsina zuwa Ilori, kowacce tana yaye ɗalibai, kowane hedimasta kuma burinsa yaransa su samu shiga. Guraben kuwa ba su taka kara sun karya ba. Cikin waɗanda suka dace akwai Shehu Shagari, wanda ya taho daga Midil ta Sakkwato a 1941, da Malam Aminu Kano da ya riga shi shiga.

Masu zaɓen waɗannan yara ba su da buƙatar sanin wane ne na 40 a aji, wane ne na 41. Abin da ke gabansu shi ne: su wane ne 'yan ƙalilan ɗin da suka yi zarra, kuma a tsakaninsu wa ke bin wa? Tun da Kaduna ta karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, wannan tambaya ba ta bar teburan ofisoshinta ba. Gari ne na gwamnati da bariki da makarantu, kuma kullum masu nema sun fi guraben yawa, ko aikin akawu ne a sakatariya, ko tallafin karatu, ko shiga soja. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tambayar tana da nata tarihi a ilimin lissafi da na kwamfuta, tarihin da ya haura shekara 140, wanda manyan masana suka yi gumi a kansa.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a rarrabe ayyuka uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne jerawa gaba ɗaya: a ɗauki sunaye dubu a jera su daga na ɗaya har na ƙarshe. Na biyu shi ne zaɓe: a ware goman da suka fi kowa maki, ba tare da an damu da wanda ya fi wani a cikinsu ba. Na uku yana tsakanin biyun: a ware goman, a jera su bi da bi, sauran 990 kuma a bar su yadda suka faɗi. Wannan na uku shi ne jeren 'yan gaba, kuma shi ne abin da ofisoshi suka fi bukata a zahiri. Kwamfuta ba ta iya duban lambobi dubu a lokaci guda kamar yadda ido ke share takarda. Biyu-biyu take ɗauka, ta gwada, ta ga wanne ya fi. Saboda haka tsadar kowace dabara ana auna ta ne da yawan gwajin da ta ci.

Ƙorafin ɗan wasa

Labarin bai fara daga kwamfuta ba, daga filin wasa ya fara. A 1883, wani malamin lissafi a Jami'ar Oxford ta Ingila mai suna Charles Dodgson, wanda duniya ta fi sani da sunan alƙalaminsa Lewis Carroll, ya ji koken wani ɗan wasan tanis. An fitar da mutumin tun farkon gasa, sai ga shi yana kallo an miƙa kyautar na biyu ga wanda ya tabbata ya fi shi iya wasa nesa ba kusa ba. Dodgson ya zauna ya yi lissafi, ya wallafa sakamakon a wannan shekarar. Ya nuna cewa gasar sili-ɗaya-ƙwale tana fitar da zakara daidai, matuƙar gwani na cin wanda bai kai shi ba, amma ba ta da tabbas a kan na biyu. Idan 'yan wasa 32 ne, kuma ƙuri'a ce ta raba su, mai bi wa zakara a ƙwarewa ba zai kai wasan ƙarshe ba sai in ya faɗa rabin da zakaran ba ya ciki. Damar hakan 16 ce cikin 31. Wato kusan rabin lokaci, wanda ya karɓi kofin na biyu ba shi ne na biyu ba. Duk wanda ya taɓa zama a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna ya ga ƙungiyoyi biyu mafi ƙarfi sun haɗu tun kafin wasan ƙarshe, ya san wannan takaici.

Dodgson ya ba da shawarar sabon tsarin gasa, amma bai tsaya neman mafi ƙarancin wasannin da za a buƙata ba. Wannan tambaya sai a wajajen 1929 masanin lissafi ɗan ƙasar Foland, Hugo Steinhaus, ya jefa ta ga abokan aikinsa. A 1932 Józef Schreier ya kawo amsa mai sauƙin fahimta. Na biyu na gaskiya babu mai iya kayar da shi sai zakara. Don haka ba sai an sake gasa daga tushe ba, a tattaro waɗanda zakaran ya doke da hannunsa kawai. A gasar mutum 32, zakara wasa 5 yake yi, waɗanda ya kayar su 5 ne, wasa 4 ya isa a fitar da gwaninsu. Wasa 31 na asali, a ƙara 4, ya zama 35. Jera mutum 32 ɗin gaba ɗaya kuwa, duk dabarar da za a bi, akwai yanayin da ba za ta gaza cin gwaji 118 ba. Cikakkiyar hujjar cewa ba za a iya yin ƙasa da lissafin Schreier ba, sai a 1964 wani masani na Tarayyar Sobiyet, Sergei Kislitsyn, ya kafa ta. Darasin da ya fito daga nan shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya: sanin 'yan gaba ya fi jera kowa arha ƙwarai, in dai ba a zubar da abin da gwajin baya ya riga ya nuna ba.

Zamanin kati mai huji

A ɗaya gefen kuma, injina sun fara karɓar aikin jerawa daga hannun akawu. Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1880 ta ci shekaru ana tattara alƙalumanta. A ta 1890 aka yi amfani da injinan Herman Hollerith, inda bayanan kowane mutum ke kan kati guda da aka huda, injin kuma yana karanta hujin da lantarki. Kamfanin da Hollerith ya kafa a 1896 yana cikin waɗanda suka haɗu a 1911, haɗakar da ta ɗauki sunan IBM a 1924. Injinan jera kati na IBM suna da aljihu 13, kuma layi ɗaya na katin suke karantawa a kowane zagaye. Idan maki mai lamba uku za a jera, sai katunan duka sun bi ta injin sau uku, ana farawa daga lambar ƙarshe, kuma ba a sanin wanda ke kan gaba sai zagaye na uku ya kammala. Amma wanda 'yan sama kawai yake nema yana da hanyar ratse: ya fara daga lambar farko, ya kwashi katunan da suka faɗa aljihun manyan lambobi, ya ajiye sauran gefe, ya ci gaba da ɗan abin da ya rage a hannunsa.

Da kwamfuta mai aiki da lantarki ta zo, jerawa na cikin ayyukan farko da aka ɗora mata. A 1945 John von Neumann ya rubuta manhajar jerawa ta hanyar raba tari biyu a jera kowanne sannan a haɗe su. Donald Knuth, wanda littafinsa kan jerawa da bincike ya fito a 1973, ya ruwaito cewa masu ƙera kwamfuta a shekarun 1960 sun ƙiyasta sama da kashi 25 cikin 100 na lokacin injinansu a kan jerawa yake tafiya. A zamanin da ake hayar kwamfuta da sa'a, wanda ya jera miliyan alhali goma yake nema ya ƙona kuɗin ma'aikatarsa ne kawai.

Hoare da dabarar raba gida biyu

A 1959 wani matashi ɗan Ingila, Tony Hoare, yana karatu a Jami'ar Mosko, yana kuma aiki kan yadda inji zai fassara Rashanci. Ƙamus ɗin yana kan faifan tef mai maganaɗisu, a jere bisa haruffa, don haka sai an jera kalmomin jimla kafin a nemo su a zagaye ɗaya. Daga nan tunanin dabarar da ya kira Quicksort ya zo masa. Ya koma gida ya kama aiki da kamfanin Elliott Brothers a 1960, kuma a watan Yulin 1961 mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta Amurka ta buga masa gajerun dabaru uku a jere, masu lamba 63 da 64 da 65. Ta farko tana raba tari gida biyu, ta biyu ita ce Quicksort, ta ukun kuma, mai suna Find, ita ce ta shafi zancenmu.

Ga yadda take aiki. A ce ɗalibai takwas sun ci maki 54, 71, 48, 66, 90, 52, 73 da 60, ana neman ukun farko. Sai a ɗauki maki ɗaya a mayar da shi magwaji, a ce 60. A gwada kowa da shi. Waɗanda suka fi shi su ne 71, 66, 90 da 73. Waɗanda ba su kai shi ba su ne 54, 48 da 52. Tunda uku ake nema, ga huɗu a sama, to an gama da na ƙasa, ba za a sake waiwayarsu ba. A cikin huɗun a sake ɗaukar magwaji, a ce 71. Sai 90 da 73 su haye samansa, 66 ya faɗi ƙasa. Biyu a sama, ga shi kansa 71 na uku, an samu abin da ake nema. Quicksort za ta koma ta jera 54 da 48 da 52, Find kuwa ba ruwanta da su. Wannan watsi da ɓangaren da ba a buƙata shi ne sirrin saurinta. A bisa matsakaicin lissafi, gwajin da take ci bai wuce ninki uku da rabi na yawan abubuwan ba, ko dubu ne ko miliyan. Rauninta ɗaya ne: in aka yi rashin sa'a magwajin ya riƙa faɗawa can gefe a kowane zagaye, sai aikin ya kumbura ya fi na jerawa gaba ɗaya.

Shekarar tsibi

A 1964, shekarar da aka buɗe Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA a Kaduna ƙarƙashin kwamandanta na farko, Birgediya M. R. Varma na rundunar Indiya, wani ma'aikacin kamfanin Elliott mai suna J. W. J. Williams ya wallafa wata hanyar adana lambobi da ake kira tsibi. Kafin shekarar ta ƙare Robert Floyd na Amurka ya ƙara mata sauri. Tsibi tsari ne mai hawa-hawa: abu ɗaya a sama, biyu ƙarƙashinsa, kowannensu da biyu ƙarƙashinsa, haka har ƙasa. Doka ɗaya ce ke riƙe da shi, wato na sama kada ya fi waɗanda ke ƙarƙashinsa. Ba a jere yake ba, amma a kowane lokaci mafi ƙanƙanta yana bisa, ana ganinsa ba tare da bincike ba.

Amfaninsa wajen fitar da 'yan gaba kamar benci ne mai mazaunin mutum uku a ofishin ɗaukar aiki, inda mafi ƙarancin maki ke zaune a bakin ƙofa. Mu koma kan makin ɗaliban nan takwas. Uku na farko, 54 da 71 da 48, su zauna, 48 ne a bakin ƙofa. Da 66 ya shigo, da na bakin ƙofa kaɗai za a gwada shi. Ya fi shi, sai 48 ya tashi, 66 ya samu wuri, 54 ya koma bakin ƙofa. Sai 90 ya zo ya tayar da 54, yanzu 66 ne a bakin ƙofa. Mai 52 da gwaji ɗaya za a sallame shi. Mai 73 ya tayar da 66. Mai 60 bai kai 71 ba, ya wuce. Da layi ya ƙare, sai a jera ukun da suka rage: 90, 73, 71.

A kan mutum takwas bambancin ba ya fitowa, sai an kai miliyan. Jera sunaye miliyan 1 gaba ɗaya yana cin gwaji kusan miliyan 20. Fitar da goman farko ta hanyar tsibi kuwa, idan sunayen a cakuɗe suka zo, gwajin ɗan kaɗan ne zai haura miliyan 1, domin yawanci da gwaji ɗaya ake sallamar kowa, kuma lissafi ya nuna sau ɗari da 'yan kai ne kacal za a samu wanda zai tayar da wani. Ga wata fa'ida da ta fi wannan: kwamfutar ba ta buƙatar riƙe miliyan ɗin a ƙwaƙwalwarta, goman kawai take riƙewa, sauran suna shigowa suna wucewa. Ƙaramar kwamfutar cinya, ko ma wayar hannu, za ta iya tace fayil ɗin da ya fi ƙarfin ma'adaninta. Inda tsibi ke shan wahala shi ne idan makin ya zo a jere daga ƙarami zuwa babba, domin a nan duk wanda ya shigo sai ya tayar da wani.

A waɗannan shekaru kwamfuta ta fara leƙo Nijeriya. A 1963 IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan. A Kaduna kuwa, Cibiyar Koyon Sana'a da aka kafa a 1956 ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, amma aikin tace masu nema a ma'aikatu ya daɗe yana hannun akawu, da fayil da jan biro. Akawun da ya ware takardun masu babban maki a gefe ɗaya na tebur, ya ture sauran, ya sake tace na gefen, dabarar Hoare yake bi ko bai taɓa jin sunansa ba.

Aikin ya samu suna

A watan Mayun 1971 John Chambers na ɗakin binciken Bell a Amurka ya wallafa dabara mai lamba 410 a mujallar nan da ta buga na Hoare, kuma ita ce ta ɗauki jeren wani sashe na tari a matsayin aiki mai zaman kansa. Chambers masanin ƙididdiga ne, kuma masu ƙididdiga kullum suna neman lambar da ke tsakiya, ko wadda ke kan rubu'i, ba tare da sha'awar sauran ba. Shi ne daga baya ya jagoranci ƙirƙirar harshen S, wanda harshen R da ake koyarwa a jami'o'inmu yau ya samo asali daga gare shi.

Saura matsalar rashin sa'ar magwaji. A 1973 masana biyar, Manuel Blum da Robert Floyd da Vaughan Pratt da Ronald Rivest da Robert Tarjan, suka warware ta. Suka ce a kasa tarin biyar-biyar, a ɗauki na tsakiyar kowane kashi, sannan a nemo na tsakiyar waɗannan, shi za a yi magwaji da shi. Magwajin da aka samu ta haka ba zai taɓa faɗawa can gefe ba, aƙalla kusan kashi 30 cikin 100 na tarin za su kasance a kowane ɓangarensa. Da wannan suka tabbatar da cewa zaɓe, ko a mafi munin yanayi, aikinsa yana tafiya ne daidai da yawan abubuwa, ba ya kumbura. Huɗu daga cikin biyar ɗin sun samu lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi girma a fagen. A aikace dabarar tasu tana da nauyi, ta fi zama garkuwa fiye da abin hawan kullum. A 1997 David Musser ya nuna yadda za a haɗa biyun: a fara da hanyar Hoare mai sauri, manhajar tana lura da kanta, in ta ga aikin na neman jan ƙafa sai ta sauya zuwa hanya mai tabbas. A 2004 kuma Conrado Martínez na Basalona ya yi cikakken lissafin Quicksort da aka hana ta taɓa ɓangaren da ba a nema.

Daga mujalla zuwa hannun kowa

Na tsawon shekaru, duk mai son waɗannan dabaru sai ya rubuta su da kansa. Abin ya sauya a 1994, lokacin da kwamitin daidaita harshen C++ ya karɓi taskar da Alexander Stepanov da Meng Lee suka gina a kamfanin Hewlett-Packard, wadda ta shiga ƙa'idar harshen ta 1998. A cikinta ayyukan nan uku kowanne da sunansa: sort mai jera kowa, nth_element mai zaɓe irin na Hoare, da partial_sort mai jera 'yan gaba, wanda yawanci da tsibi ake gina shi. Ƙa'idar ta faɗa ƙarara cewa sauran da ba su shiga ba, babu alkawarin yadda za su kasance. Python ya samu nlargest da nsmallest a 2004, kuma littafin jagorarsa ya yi gargaɗin cewa sun fi dacewa idan kaɗan ake nema, in da yawa ne gara a jera duka a yanka. Rumbun bayanai na PostgreSQL, daga fitowar 2008, idan aka ce ya jera ya kawo goman farko, yana iya amfani da tsibi maimakon jera teburin duka. Yau duk wanda ya yi bincike a intanet aka nuna masa sakamako goma a shafin farko, ko ya buɗe manhajar taswira ta nuna masa gidajen mai mafi kusa, jikokin waɗannan dabaru ne suka yi masa hidima.

Inda lissafi ya tsaya, mutum ya karɓa

Kaduna ta yau tana cike da wuraren da wannan aiki ke yanke wa mutane makoma. NDA, daga tsohon mazauninta na Barikin Ribadu zuwa sabon na Afaka, tana fitar da sunayen waɗanda suka yi nasara jiha-jiha, kowace jiha da nata 'yan jiran ko-ta-kwana. Wannan ba tari ɗaya ba ne, tari 37 ne, na jihohi 36 da Abuja, kowanne da nasa 'yan gaba. Jerin 'yan jira kuma shi ne babban dalilin da ya sa zaɓe kaɗai ba ya isa. Idan wani bai zo ba, dole a san wanda za a kira, don haka sai an jera. Haka abin yake a shiga manyan makarantu ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. A jami'o'in tarayya ƙa'idar da aka sani ita ce kashi 45 bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin makarantar, 20 ga jihohin da ke baya a ilimi. Kowane kaso jeren 'yan gaba ne daban, kuma makin da aka tsaya a kansa ba komai ba ne illa makin mutum na ƙarshe da gurbi ya kai kansa.

Akwai kuma wani aiki da ke kama da wannan amma ba shi ba ne. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta sa kashi 75 a matsayin makin ci, ta kuma sanar da cewa 21,780 ba su kai ba, lamarin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar malamai a farkon 2018. Wannan shinge ne, kowa da shingen ake gwada shi, ba da ɗan'uwansa ba, kuma ba a san yawan masu tsallakewa ba sai an gama. Da gwamnatin ta yi shelar ɗaukar sabbin malamai 25,000 kuwa, yawan guraben ne aka fara sani. Mai rubuta manhaja da bai rarrabe waɗannan biyu ba zai amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Babban abin lura shi ne kunnen doki. Jarrabawar JAMB maki 400 ce, kuma a 2024 sama da mutum miliyan 1.9 suka zauna mata. Ko da a ce makin ya bazu daidai wa daida, kowane maki guda zai samu sama da mutum 4,700, balle a tsakiya inda jama'a suka cunkushe. Saboda haka a bakin iyaka, inda gurbi na ƙarshe yake, samun mutum biyu ko goma masu maki ɗaya abu ne na yau da kullum. A nan dabarun Hoare da Williams ba su da abin cewa. Manhajar partial_sort ba ta yi alkawarin wanda za ta fifita tsakanin masu maki ɗaya ba, sauya tsarin fayil kaɗai na iya sauya wanda ya shiga. Ta Python kuwa wanda ya riga zuwa a fayil take ɗauka, wanda ke nufin in bisa haruffa aka shigar da sunaye, Abubakar zai riƙa shiga gaban Zainab ba don ya fi ta komai ba. Hausawa na cewa sai an gwada akan san na ƙwarai, to amma inda gwaji ya nuna biyu daidai suke, hukuncin ya dawo hannun mutum, kuma wajibi ne a yanke shi tun kafin a ga sunaye.

Kira na ga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, da matasan da ke rubuta manhajoji wa makarantu da ma'aikatu daga Kawo zuwa Unguwar Rimi. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku tambayi mai aikin abu uku: mutum nawa ake nema, da wane ma'auni, kuma idan aka yi kunnen doki me zai raba. Idan kaɗan ake nema cikin masu yawa, ku yi amfani da tsibi. Idan iyaka kawai ake son sani, hanyar Hoare ta wadatar. Idan kusan kowa za a jera, ku jera duka, ba laifi. Ƙa'idar raba kunnen doki kuma ku sa a rubuta ta a takarda, a sa hannu, a bayyana ta ga masu nema. Ku ajiye cikakken makin kowa, har waɗanda manhaja ba ta jera ba, domin ranar da uban yaro zai zo ofis yana tambayar dalilin da ya sa ɗansa bai shiga ba, haƙƙinsa ne a buɗe masa lissafin ya gani da idonsa.